Motar Wasan Da Ta Kai Ni Rumfar Bakanike

Ranar da na sauke ta a ƙofar gidanmu da ke Badafi, cikin ƙaramar hukumar Kiru, yayana ya zagaya ta sau biyu, ya taɓa tayarta da ƙafa, sannan ya tambaye ni nawa na saya. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Wato kuɗin buhun taki ka kai wa 'yan gwanjo, suka haɗo ka da gwangwani." Ban yi musu ba, domin a ranar ba ni da hujjar da zan kare kaina. Motar ba ta tashi, rimot ɗinta ya ɓace tun kafin ta iso Kano, ga laka ta wata ƙasa ta bushe a jikinta kamar daɓe.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin irin motar, kada ya ɗauka 'yar batir ɗin nan ce da ake talla a bakin titi lokacin Sallah. Wannan fetur take sha. An ƙera ta a kan kashi ɗaya cikin biyar na girman motar tseren sahara, tsawonta ya kusa kamu biyu, nauyinta kuwa ya kai kilo goma. Kamfanin HPI ne ya yi suna da irinta, tun da ya fito da samfurin Baja 5B wajen shekarar 2006, daga baya kamfanonin China irin su Rovan da King Motor suka kwaikwaya. Tawa ɗaya ce daga cikin na kwaikwayon. A Turai da Amurka manyan mutane masu gemu ne ke wasa da su, har da filayen tsere da ƙungiyoyi. Idan mai ita ya gaji, ko ta gagare shi gyara, sai ta bi tsofaffin firji da kekuna cikin kwantena, ta ɓullo a wani shago a Kano, inda na gan ta a jingine a bayan tarin dutsen guga.

Ba don kaina na saye ta ba, ko da yake ba zan rantse a kan haka ba. Yayana yana da ɗa mai shekara goma sha huɗu wanda tun yana ƙarami ya gagari kowa a unguwa wajen haɗa motar kara da ta langa-langa. Da ya girma sai ya koma kwance tocila da rediyon gida, wani lokaci ya mayar, wani lokaci a tsinci sauran kusoshi a ƙarƙashin tabarma. Ya sha bulala a kan haka. A makaranta ba ya cikin na gaba, kuma mahaifinsa ya riga ya yanke cewa da zarar ya gama ƙaramar sakandare zai tura shi tsaron shago wurin wani ɗan uwa a birni. Ni kuma ina ganin akwai wani abu a hannun yaron nan da ba a gwada ba tukuna.

Kwana biyu muka yi muna jan igiyar tayar da injin, har tafin hannuna ya yi bororo, ko tari bai yi ba. A rana ta uku muka ɗauke ta niƙi-niƙi zuwa rumfar bakaniken da ke gyara wa manoma injin ban-ruwa da janareto. Mutum ne da bai gama firamare ba, amma shekarunsa a kan sana'ar sun fi shekarun yaron. Na yi zaton zai yi mana dariya. Maimakon haka sai ya durƙusa, ya buɗe murfin tanki ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce man ya fi shekara a ciki. Daga nan ya kama igiyar ya ɗaga gaban motar da ita a hankali, yana sauraron yadda injin ke turjewa. "Alhaji," in ji shi (ban taɓa zuwa Makka ba, amma wanda ya sayi motar wasa da kuɗin taki dole a kira shi Alhaji), "ai wannan ƙanen Tiger ne. Da sauran numfashi a cikinsa."

Gaskiyarsa. Injin irin wanda kanikawa ke kira tu-sitirok ne, wanda ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, sai dai a gauraya masa mai da fetur. Dangi ɗaya suke da injin yankan katako da ƙaramin janareton da ke kowace rumfar cajin waya, illa dai wannan bai kai rabin girman na janareton ba. Don haka babu abin da ke ciki da zai ba shi mamaki.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: shi ba zai taɓa ba, yaron ne zai kwance. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya ce duk abin da aka cire a jera shi daga dama zuwa hagu yadda ya fito, kowane noti kusa da abin da ya ɗaure. Kafin a sa sifana ma sai da ya sa aka wanke motar tas da kananzir da tsohon buroshin haƙori, wai wanda ya buɗe inji da datti a bayansa shi ya zuba masa yashi da hannunsa. Wanke-wanken nan kaɗai ya ci mana yini guda. Yaron ya ƙosa, yana ta kallon injin kamar mai azumi da kwanon ƙosai, amma Oga bai ɗaga masa ƙafa ba.

Da aka zo kan kafireto ne na fahimci dalilin da ya sa manoma ke layi a rumfar nan. Kafireton irin waɗannan injuna ba shi da kofin tara mai kamar na babur. Wata 'yar fatar roba ce siririya a ciki take motsi tana tsotso fetur, shi ya sa injin ke ci gaba da aiki ko da motar ta kife. Idan fetur ya daɗe a ciki, sai ya ƙafe ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin da ba su fi tsinin allura ba, robar kuma ta sandare. Tamu ta bushe har tana ƙara kamar busasshen ganye. Oga ya hana yaron tsokana ramukan da waya, ya ce waya tana faɗaɗa rami, ramin da ya faɗaɗa kuwa ba ya komawa. Aka jiƙa, aka hura, aka sake jiƙawa.

Sai ya sa aka cire salansa, ya haska tocilar waya ta ƙofar hayaƙi, ya kira ni in leƙa. A jikin fistin akwai zane-zane tsaye, kamar an ja ƙaya a kan sabon faranti. Ya ɗauko soson matatar iska ya murza, ya zube kamar garin kwaki. Wannan soso, in ji shi, dole a wanke shi a shafa masa mai, domin man ne ke kama ƙura. Baturen da ya mallaki motar ya bar shi a bushe, ƙura ta shige ta riƙa cin ƙarfe a hankali. Ya yi dariya ya ce ashe su ma suna da ragwaye. Sannan ya nuna mini injunan ban-ruwa uku da ke jibge a bayan rumfar, ya ce dukansu ciwonsu ke nan: ƙurar hunturu, da man 'yan bumburutu, da baƙin man da ba a canzawa sai inji ya yi kuka. Na daɗe ina jin ana cewa injunan yanzu ba su da ƙarko, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ranar na ga da idona cewa soson da bai kai kuɗin kwanon masara ba yana iya kashe injin da manomi ya sayar da amfanin gona ya saya.

Neman kayan gyara ya ɗauki makonni uku. Robar kafireto da ringi na same su a Sabon Gari wurin masu sayar da kayan injin yankan katako, bayan na zagaya shaguna da tsofaffin a cikin leda ana gwadawa. Boris ɗin tayoyi a wurin masu kayan babur aka dace. Gasket kuwa yaron ne ya yanka da reza, bayan ya ɗora tsohon a kan takardar gasket ya zana. Tazarar da ke tsakanin kwayil da maganaɗisun inji da tsohon katin waya Oga ya auna ta, kuma da na duba littafin injin a intanet sai na tarar kaurin da ake so ke nan. Rimot ne kaɗai ya gagara a Kano, sai da na yi oda na jira.

A cikin makonnin jiran nan na riƙa tunanin wani abu. Yankinmu na Kano ta Kudu yanki ne da ke rayuwa a kan ƙananan injuna. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama jigon arzikin ƙasar nan, kuma a yau da wuya ka ga fadama daga Bebeji zuwa Tudun Wada da babu injin ban-ruwa yana kuka a bakinta. Ga babura, ga injin niƙa, ga na casar shinkafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafireton da ba a saita daidai ba ya zama ɓarawon da ke cikin gida. Duk da haka, kusan dukan masu riƙe da waɗannan injuna a raye a rumfa suka koya, ba a aji ba. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an yi alkawarin kowane ɗan ƙaramar sakandare zai riƙe guduma da zarto. An shigo da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Abin da ya rage shi ne zanen inji a allo, yaro ya haddace sunayen sassansa da Turanci ya rubuta a jarrabawa. Akwai kwalejin fasaha a Bagauda, amma kwaleji ɗaya yara nawa za ta ɗauka?

Mukan tuna da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, mu yi ta alfahari. Sai dai irin wannan labari yakan ruɗe mu, mu ɗauka fasaha ita ce abin mamaki da za a kira 'yan jarida su ɗauka. Shi kansa mai sunan da ke jikin injin, Soichiro Honda, yaron gareji ne a Tokyo tun yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma a 1946 da ragowar ƙananan injunan janareton rediyon soja ya fara, yana ɗaura su a jikin kekuna. Shekarun da ya yi yana wanke ƙarfe ba su shiga jarida ba.

Ba ina kira a saya wa makarantu motocin wasa ba ne. A wannan gaɓar yayana ya fi ni gaskiya, kuɗin da na kashe ba na mai hankali ba ne. Amma babu garin da ba shi da matattun janareto da injunan ban-ruwa da ke jiran 'yan gwangwan su auna a kilo. Guda biyar sun ishi aji ɗaya, ba sa buƙatar wutar lantarki, sai sifana da kananzir da buhun shimfiɗawa. Malamin kuma yana nan a rumfarsa. Abin da zai hana shi shiga aji sau ɗaya a mako shi ne ba shi da takardar shaida, kuma wannan doka mu muka kafa wa kanmu.

Ranar da rimot ya iso, Oga ya auna mai da sirinji, mililita 40 a litar fetur guda, wato kashi ɗaya cikin ashirin da biyar. Ya ɗora motar a kan bulo biyu, tayoyi a sama, ya ce ba za ta taɓa ƙasa ba sai ya tabbata idan rimot ya ɗauke za ta ja birki da kanta, domin kilo goma a guje ya isa ya karya ƙafar yaro. Aka ja cok. A ja na shida ta yi tari, a na takwas ta kama da wata ƙara mai tsini da ta kori awakin da ke kwance a inuwa. Yaron ya kai hannu zai ƙara matse allurar mai don ƙarar ta ƙara daɗi, Oga ya buge hannun. Ya ce injin da aka rage wa fetur an rage masa baƙin mai ke nan, zai yi ta zaƙin murya har ya ƙone. Aka bar ta tana ɗan hayaƙi, bayan an zagaya da ita aka cire fulogi aka ga bakinsa ya yi launin soyayyar gyaɗa, ba fari ba, ba baƙi ba.

A filin ƙwallo muka sake ta bayan la'asar, yaran gari suka bi ta a guje cikin ƙura. Kwana uku ta yi tana wannan gudu, a na huɗu ni da kaina na kai ta ga kututture, hannun tayar gaba ya karye. Yaron ya tattara gutsattsarin a leda, ya ce, "Baffa, in aka kai wa masu zuba tukwanen alminiyam, ba za su iya zuba mana irinsa ba?" Ban san amsa ba, na ce ya tambayi Oga.

Yayana bai zo filin ba ko sau ɗaya, kuma har yau bai janye maganar tsaron shago ba. Amma da aka fara shirin noman rani injinsa na ban-ruwa ya ƙi tashi, sai ya ɗora wa yaron a baro, ya ce ya kai rumfa, kuma kada ya ajiye ya dawo, ya tsaya a can har a gama.