SAƘON DA KE SA JIKI YA TUNA DA SANƘARAU

Yau cikin ɓargo za mu shiga, amma bari mu biyo ta Zurmi tukuna.

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a Zurmi. Zuwa watan Yuni na 2017 an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a Najeriya, 1,166 suka rasu, kuma Zamfara ta fi kowa jin jiki. Har gobe ina jin matasa a Ƙaura da Shinkafi suna cewa, "To ba an yi mana allurar sanƙarau ba?" An yi. MenAfriVac ce, tun 2011 aka fara ta, amma nau'in A take karewa. Wanda ya zo mana nau'in C ne.

To me ya sa jiki ke tantancewa haka?

Akwai ƙwayoyin garkuwa da ake kira B. A ɓargo ake haifarsu, kuma kowace ɗaya abokin gaba guda ta sani. Su ke ƙera antibodi, wato makamin da ke maƙale wa ƙwayar cuta. Sai dai B ba ta motsi da ra'ayin kanta, sai an aiko mata saƙo, kuma saƙonnin nan furotin ne. Bayan ta bar ɓargo, wani mai suna BAFF ne ke ce mata ci gaba da rayuwa. In bai iso ba, mutuwa take.

Wurin da ya fi burge ni shi ne ƙaluluwa. Eh, wannan da ke kumbura maka a hammata ko a wuya. A can B da ta cafko abokin gaba take haɗuwa da ƙwayar T mai taimako. T ta dafa ta da CD40L, ta sakar mata IL-21 da IL-4. Daga nan B ta hau rarrabuwa, ta bar antibodi na gaggawa, IgM, ta koma ƙera IgG mai kamun kirki. Wasu 'ya'yanta su koma ɓargo suna ta zuba makami shekara da shekaru, wasu su zauna a matsayin masu tuni.

Ga inda gizo ke saƙar: rigar ƙwayar sanƙarau ta sukari ce, ita kuwa T furotin take ganewa. Tsofaffin allurai sukarin kawai suke ɗauke da shi, don haka saƙon T ba ya zuwa. Kariyar 'yan shekaru ce, a yaran da ba su kai shekara 2 ba ma da ƙyar take kamawa. Dabarar MenAfriVac ita ce ɗaure sukarin a jikin furotin, sai B ta haɗiye su tare, ta nuna wa T furotin ɗin, T ta saki saƙo. Wallahi wanda ya yi wannan tunanin ya iya.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da Men5CV, irin wannan ɗaurin ne, amma nau'i biyar take karewa: A, C, W, Y da X. Sai dai duk musayar saƙon nan na ɗaukar kusan mako biyu kafin makami ya taru. Wanda ya bari sai wuyan maƙwabcinsa ya sanƙare a tsakiyar zafin Maris kafin ya nemi allura, ya bar jikinsa a buɗe na tsawon kwanakin nan.

Mu haɗu a shiri na gaba.