Shugaba, Majalisa da Muryar Talaka: Yadda Ake Kokawar Tallafin Ƙasashen Waje

A ƙasashen da ke bin tsarin dimokuraɗiyya, shugaba ne ke neman kuɗi, amma makullin baitulmali yana hannun majalisar dokoki. Tallafin ƙasashen waje, na bayarwa ko na karɓa, sai ya bi ta kasafin kuɗi, kasafin kuwa sai 'yan majalisa sun amince da shi. Idan suka tirje, shugaba kan juya ga jama'a ta rediyo da talabijin da tarukan gangami, domin kowane ɗan majalisa ya ji zafin lamarin daga mazaɓarsa. Masanin siyasa na Amurka Samuel Kernell ya rubuta littafi sukutum a kan wannan dabara a 1986.

A Amurka ne dabarar ta fi fitowa fili, saboda shugaba ba shi da ikon rusa majalisa, sai dai ya lallashe ta ko ya tsorata ta. A ranar 12 ga Maris 1947 Shugaba Harry Truman ya nemi dala miliyan 400 domin Girka da Turkiyya daga majalisar da 'yan adawa na Rifabilikan suka mamaye, masu ƙyamar kashe kuɗi a waje. Bai roƙe su da sunan jinƙai ba. Ya nuna wa Amurkawa cewa kwaminisanci na shirin haɗiye Turai. Haka aka sayar da Shirin Marshall: aka kafa kwamitin manyan mutane ƙarƙashin Henry Stimson, ana zagaya birane da jawabai da takardun koke, sannan 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Cekosulobakiya a Fabrairun 1948. Cikin Afrilu Truman ya sa hannu a dokar da ta kai kusan dala biliyan 13 Turai. George W. Bush ma a jawabinsa na Janairun 2003 ya nemi dala biliyan 15 na yaƙi da ƙanjamau a gaban kyamarori, da goyon bayan majami'u, kuma majalisa ta amince cikin watanni huɗu.

Dabarar ba kullum take ci ba. A Maris 1986 Ronald Reagan ya yi wa ƙasa jawabi yana neman dala miliyan 100 ga 'yan tawayen Kontra na Nikaraguwa, bayan kwana huɗu majalisar wakilai ta yi watsi da buƙatar. Sai a watan Yuni ya samu, ta hanyar cinikin bayan fage da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ana kuma iya juya ta baibai. Yawancin Amurkawa na zaton kusan rubu'in kasafinsu ke tafiya waje, alhali bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma a kan wannan zato Donald Trump ya dogara a 2025 wajen rufe hukumar USAID da sa majalisa ta janye kusan dala biliyan 9.

A Nijar, ƙasar da ke karɓa, tambayar ita ce daga wa za a karɓa, kuma a kan wane sharaɗi. Babu inda wannan ya fi taɓawa kamar Arlit, garin da aka gina saboda yuraniyom. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a Akokan a 1978, dukansu ƙarƙashin Faransawa. Tun daga lokacin, tallafin Faransa da farashin wannan ƙarfe suka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Shugaba Mamadou Tandja ne ya kai dabarar ƙarshenta. Daga ƙarshen 2008 aka fara gangamin tazarce a Damagaram da Yamai, ana cewa talakawa ne ke roƙon ya zauna ya kammala manyan ayyuka: madatsar Kandaji, matatar mai ta Damagaram, da mahaƙar Imouraren da ke kudu da Arlit, wadda aka aza harsashinta ranar 4 ga Mayu 2009. Da kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba gardamar da zai ba shi damar ci gaba da mulki ya saɓa doka, sai Tandja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu, ya rusa kotun a Yuni, aka kaɗa ƙuri'a ranar 4 ga Agusta. Tarayyar Turai da Amurka suka dakatar da tallafinsu, CEDEAO ta dakatar da Nijar, sojoji kuma suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

A zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou rigimar ta shiga zauren majalisa kai tsaye. A Disamban 2012 'yan adawa na ƙawancen ARN suka yi ƙorafi cewa an cusa sefa biliyan 17 na Areva, kamfanin Faransa mai haƙar yuraniyom, cikin kasafin 2013, suna zargin za a sayi jirgin shugaban ƙasa da wani ɓangare. Areva ya fara musantawa, daga baya ya amsa cewa ya yi alkawarin yuro miliyan 35. Masu rinjaye suka amince da kasafin, amma maganar ta riga ta bazu a gidajen rediyo masu zaman kansu da majalisun shayi.

A shekarar da ta biyo baya gwamnati ta ci gajiyar wannan fushi. Kwangilolin Somaïr da Cominak za su ƙare ranar 31 ga Disamba 2013, gwamnati kuma na son a yi aiki da dokar ma'adinai ta 2006, wadda za ta ɗaga harajin haƙa daga kashi 5.5 zuwa har kashi 12. A Oktoba dubban mutane suka fito zanga-zanga a Arlit, suna kuka da ƙurar da ke tashi daga tsibin sharar mahaƙa, da gurɓatar ruwan sha, da unguwannin da ba wuta alhali gidajen ma'aikatan kamfani na haske. Ƙungiyar fararen hula ta ROTAB da Oxfam suka fitar da rahoton da ya nuna yuraniyom ya kai kusan kashi 70 na kayan da Nijar ke fitarwa, amma bai kai kashi 6 na arzikin ƙasa ba. Da wannan hayaniya a bayansu wakilan gwamnati suka zauna teburin ciniki. Yarjejeniyar 26 ga Mayu 2014 ta tabbatar da dokar 2006, ta ba 'yan ƙasa shugabancin kamfanonin biyu, da yuro miliyan 90 na gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit da miliyan 17 na kwarin Irhazer, amma aka jingine Imouraren. Bayan wata biyu, lokacin ziyarar Shugaba Hollande na Faransa, 'yan sanda suka tsare jagoran ROTAB Ali Idrissa. Muryar da ta yi amfani a ciniki ta zama abin damuwa da zarar an sa hannu.

Shugaba Mohamed Bazoum ya bi akasin hanyar: ya yi amfani da majalisa wajen amsa wa titi. Ranar 22 ga Afrilu 2022 'yan majalisa 131 suka amince da girke sojojin Turai da aka kora daga Mali, 31 suka ƙi. Ƙuri'ar ba ta kwantar da hankalin jama'a ba, ƙawancen M62 mai adawa da zaman sojojin waje ya bayyana cikin Agusta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rusa majalisar, masu tallafi suka janye, aka zaftare kasafin shekarar da kashi 40. Hukumomin soja suka ƙwace lasisin Imouraren daga Orano (sabon sunan Areva) a Yunin 2024, suka mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, suna kafa hujja da ra'ayin jama'a.

Waɗannan misalai sun nuna cewa shugaba ba ya ƙirƙirar ra'ayin jama'a, sai dai ya tarar da tsoro ko fushin da ke nan ya hau. Dabarar tana da amfani muddin akwai majalisar da za ta auna buƙatar, ta yarda ko ta ƙi, ta kuma bi diddigin kuɗin. Inda aka rusa ta da sunan talaka, babu sauran wanda zai tambayi minista ina aka kwana da alkawarin da aka yi wa garuruwa irin su Arlit da Akokan.