Alamomin Ƙarancin Iskar Oksijin a Jinin Masu Ciwon Huhu na Bairos

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, likitoci sun ci karo da wani al'amari mai ɗaure kai: majinyaci yana zaune yana hira, bai koka da sarƙewar numfashi ba, alhali iskar oksijin da ke jininsa ta yi ƙasa ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, taruwar gurɓatacciyar iskar kabon ce ta fi sa mutum haki, ita kuwa a farkon ciwon huhu yakan iya fitar da ita. Wannan maƙala za ta dubi yadda gwajin jini ke tona wannan ɓoyayyen hali.

2.0 Abin da Jini Ke Nunawa

Gwajin da ya fi inganci shi ne na jinin da ake ɗiba daga jijiya mai harbawa ta wuyan hannu. A jikin lafiyayye, ƙarfin oksijin yakan tsaya tsakanin 80 da 100 a ma'aunin mmHg. Idan ya gaza 60, huhu ya kasa aikinsa ke nan. Sai sinadarin laktet, wato tsamin da tsoka da sauran gaɓoɓi ke fitarwa idan iska ba ta ishe su ba. Da zarar ya haura 2 a ma'aunin milimol, likita zai shiga taitayinsa.

Akwai kuma LDH da CRP da di-daima da raguwar wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Kuskure ne a ɗauke su a matsayin ma'aunin oksijin, domin ɓarnar nama da kumburi da gudajin jini suke nunawa. Amfaninsu shi ne hasashen wanda ciwonsa zai tsananta.

Tambaya a nan ita ce, me ya hana a wadatu da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa? A watan Disamba na 2020, masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun kwatanta ta da gwajin jinin jijiya. A inda ta nuna kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari, an tarar ainihin oksijin bai kai 88 ba a kashi 11.7 na awon baƙar fata, a na farar fata kuwa kashi 3.6 kacal. Haske na'urar ke harbawa ta cikin fata, duhun fata kuma kan sa ta ƙara lissafi. Wannan ya shafi Nijeriya kai tsaye, inda ba kowane asibiti ke da injin gwajin jinin jijiya ba, kuma sau da yawa da lambar yatsa kaɗai ake yanke shawarar wanda za a sa wa iska.