Alkunya da Matsayin Iyaye Game da Shaye-shayen Matasa

A al'adar Hausawa akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba kuwa ba ya zama hira da shi. A dā wannan ɗabi'a ba ta cutar da tarbiyya ba, domin zaman gandu ake yi. Abin da uba ya ji nauyin faɗa, baffa ko kawu zai faɗa, kaka kuma ta bi ta wasan jika ta tono abin da yaro ya ɓoye. Yanzu magidanta da dama a birane sun ware daga dangi. Alkunyar tana nan, amma masu cike gurbinta sun yi nisa, ta nan kuwa shaye-shaye yakan sami ƙofa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce kuma aka haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wannan magani ya fi wiwi da sholisho sauƙin ɓoyo, saboda ba ya wari, kwalbarsa kuma ba baƙuwa ba ce a gida. Shi ya sa ya shiga har ɗakunan 'yan mata.

Hukuma tana da nata aiki. An kafa hukumar NDLEA a 1989, sa'an nan dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba. To, amma doka ba ta shiga zaure. Magidancin da ke aiken ɗansa ya sayo masa karan taba ya riga ya nuna masa inda ake sayarwa, ya kuma cire masa kunyar riƙe ta. Haka kuma saurayin da aka ba shago a ƙofar gida, ba mai sanin lokacin shigarsa balle waɗanda ke kwana da shi, an sake shi ne tun bai isa saki ba. Shagon ba laifi ba ne, rashin leƙa shi ne laifin.

Alamu sukan bayyana da wuri: barcin rana marar dalili, jan ido, sauyin abokai, ɓacewar 'yan kuɗi. Iyaye da yawa sukan kau da kai don gudun abin faɗa, in abu ya ɓaci kuma su koma ga duka ko kora, alhali kora tana miƙa yaro ne ga masu ba shi. Inda alkunya ta hana uba magana, sai ya wakilta baffa, ko yaya, ko malamin yaron, ya riƙa jin ta bakinsa a kai a kai, kuma a kai shi asibiti in abin ya kama jiki.