Aromatis: Makunnin da ke mayar da karfasa mace ko namiji

Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa a Ƙanƙara ko Faskari ya san wannan ciwon kan: ka zuba 'ya'yan kifi, bayan 'yan watanni kududdufi ya cika da ƙanana, abinci na ƙarewa, kifi ba ya girma. Dalili shi ne mace tana fara ƙwai da wuri, kuma a baki take renonsa, ba ta cin abincin kirki. Namiji kuwa ya fi saurin girma, shi ya sa masu kiwo ke son maza zalla.

Abin mamaki, jinsin karfasa bai gama tabbata ba ranar ƙyanƙyasa. A jikinta akwai wani sinadari, aromatis, mai juya sinadarin maza, testostiron, ya koma na mata, estirojin. Ni da nake rubuta manhaja, ina kallonsa kamar makunni. Idan ya kunnu a makonnin farko, estirojin ya yawaita, sai jakar ƙwai ta tsiro. Idan aikinsa ya yi ƙasa, kifin ya tashi namiji, ko da ƙwayar halittarsa XX ce ta mace.

Hanya biyu ake bi a juya wannan makunni. Ta farko, a gauraya sinadarin metiltestostiron miligiram 60 a kilo ɗaya na abinci, a ba 'ya'yan kifi kwana 21 zuwa 28 daga ranar da suka fara ci. Ta biyu ita ce zafi: ruwa mai digiri 36, daga wajen kwana na 10 bayan ƙwai ya ɗauka, na tsawon kwana 10, yana danne aromatis. Sai dai ba kowane iri ne ke amsawa daidai ba, kuma zafin in ya zarce kisa yake yi. A nan ne ma'aunin zafi na dijital da na'urar ɗumama ruwa mai kashe kanta ke da rana.

Lokacin nan gajere ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ka kamo 'ya'ya daga dam ɗin Mairuwa sun kai tsawon yatsa, jinsinsu ya riga ya tabbata. Kafin ka biya mai ƙyanƙyasa, tambaye shi hanyar da ya bi, da kwanan da ya fara. Sinadarin kuma kada a taɓa shi ba safar hannu, musamman mata masu juna biyu.