Al'adun 'Yan Sama Jannatin Sin Kafin a Harba Kumbo

Kowace tafiya da irin shirinta. Mai kama hanya daga tashar motar Television ko Sabon Tasha a kudancin Kaduna yakan nemi gafarar iyaye, a ɗaure masa guzuri, a yi masa rakiya har bakin mota. Sinawa ma da ke aika mutum sama da kilomita kusan 400 daga doron ƙasa suna da nasu al'adun sallama, kuma tun daga shekarar 2003 suke kiyaye su.

Duk wani kumbon Shenzhou mai ɗauke da mutane daga wuri ɗaya yake tashi, wato cibiyar harba taurarin ɗan adam ta Jiuquan da ke cikin hamadar Gobi, wadda aka kafa a 1958. A nan Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, ya tashi ranar 15 ga Oktoba, 2003, ya kewaya duniya sau 14 cikin awa 21. Yawancin abin da ya yi kafin tafiyarsa shi ne na baya suka mayar al'ada.

Idan 'yan sama jannati suka iso daga Beijing, ana saukar da su a wani gida da ake kira Wentian, a killace su. Ba mai kusantar su sai likitoci da 'yan tsirarun ma'aikata, domin mura kaɗai ta isa ta rushe aikin shekaru. Ko ganawar da suke yi da 'yan jarida ana gobe tafiya, ta bayan gilashi ake yin ta.

Cikin waɗannan kwanaki akwai abubuwan da ba su da alaƙa da inji ko lissafi, amma ba a tsallake su. Suna halartar ɗaga tutar ƙasa. Suna dasa itace a harabar, aikin da ke da daraja a wurin da ruwan sama ke wuya. Suna kuma ziyartar maƙabartar Dongfeng, inda aka binne ɗaruruwan sojoji da injiniyoyi da suka ƙare rayuwarsu wajen gina cibiyar, har da wani ɓangare na tokar Marshal Nie Rongzhen, jagoran shirin roka na ƙasar tun farkonsa. Manufar ita ce mai tafiya ya san a kan wahalar wa ya taka. Kafin su bar masauki kuma sukan sa hannu a jikin ƙofar ɗakin, kusa da sunayen waɗanda suka riga su. Hatta abinci yana da tasa ƙa'ida: mutanen arewacin Sin suna sallamar matafiyi da jiaozi, wani ɗan ƙulli na fulawa da nama a ciki, su tarbe shi da taliya idan ya dawo.

Ita ma rokar tana da nata bikin. Long March 2F ce, tsawonta ya kai mita 58. Ana haɗa ta a tsaye cikin wani dogon gini, sannan a gangaro da ita kan layin dogo a hankali, tafiyar kilomita ɗaya da rabi, ma'aikata na biye da ita da tutoci. Tun daga 2021 ba a harba kumbo sai an ajiye wata rokar a gefe saboda ko-ta-kwana. An ga amfanin haka a Nuwamban 2025, da tarkacen sama ya tsaga tagar Shenzhou-20, aka tura Shenzhou-22 ba kowa a ciki domin waɗanda ke sama su samu kumbon dawowa. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Ranar tafiya, saura kamar awa uku, sai su fito cikin fararen kayan sama, kowa riƙe da ɗan akwatin da ke hura masa iska a jiki. Jama'a na tsaye a dandali, ana kaɗa furanni da tutoci, ana waƙar kishin ƙasa. Shugaban tawagar zai tsaya gaban babban kwamanda, ya sara masa, ya sanar cewa sun shirya, yana neman izini. Amsar gajera ce, umarni ne su kama hanya. Daga nan sai mota, sai hasumiya, sai a ɗaure su a kujeru a rufe ƙofa.

Sauran aikin na mutum ɗaya ne, wanda ake kira kwamandan sifili. Shi ke shelar saura awa biyu, saura minti 30, saura minti ɗaya, sassan da ke lura da roka da yanayi da sadarwa suna amsa masa ɗaya bayan ɗaya. A daƙiƙa goman ƙarshe yakan ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ya ba da umarnin kunna wuta. Cikin kamar minti goma kumbo ya shiga falaki, bayan 'yan awoyi ya haɗe da tashar sararin samaniya ta Tiangong, inda mutum uku za su zauna wata shida.

Najeriya ma ta taɓa jin irin wannan ƙirge. Daga cibiyar Xichang ta ƙasar Sin aka harba tauraron sadarwarmu NigComSat-1 a 2007, da ya lalace aka maye gurbinsa da NigComSat-1R ranar 19 ga Disamba, 2011. Abin koyi ga ɗaliban kimiyya a unguwannin Kakuri da Barnawa da Narayi na Kaduna shi ne, daƙiƙa goman da ake gani a talabijin ribar shekaru ce ta horo, da bin ƙa'ida, da girmama na gaba.