Yadda mai nazarin adabin Hausa zai ci moriyar intanet

A shekarun baya, duk mai son bin diddigin wani littafin Hausa ko wata tsohuwar waƙa sai ya niƙi gari zuwa Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya. Yanzu kuwa ma'aikacin da ke ƙaro ilimi, ko ɗan kasuwar da ɗansa ke rubuta kundin kammala digiri, na iya fara aikin da wayar hannu. Sai dai intanet kasuwa ce, akwai kaya na gari akwai jabu, kuma kundin da aka gina kan bayanin jabu yakan rushe a gaban malaman da za su duba shi.

Matakin farko shi ne sanin rumbun da za a dosa. Mai neman maƙalun masana ya fara da Google Scholar, sannan AJOL, wanda ke tattara mujallun ilimi na Afirka, da JSTOR, wanda ke ba mai rajista damar karanta wasu maƙaloli kyauta. WorldCat yana nuna bugu-bugun littafi da ɗakunan karatun da ke ajiye da shi. Mai neman ma'anar tsohuwar kalma zai sami ƙamusun Bargery na 1934 a intanet. Mai nazarin waƙoƙin ajami kuwa ya leƙa rumbun ajamin Afirka na Jami'ar Boston da ke Amurka, inda aka ɗora hotunan rubuce-rubucen hannu, har da na Hausa.

Mataki na biyu shi ne iya tambaya. Rumbuna da dama ba sa haɗa haruffa masu lanƙwasa da marasa ita, saboda haka wanda ya nemi littafin Bello Kagara da sunan Ganɗoki kaɗai zai iya rasa abin da aka ajiye da sunan Gandoki. Haka littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: wasu sun rubuta Shaihu Umar, wasu Shehu Umar. A gwada kowace siga, a kuma haɗa da sunan marubucin.

Mataki na uku, wanda ya fi yawan kayar da ɗalibai, shi ne shekarar bugu. Shaihu Umar na cikin littattafan da gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma ya fito a 1934. Amma mai bincike zai ci karo da 1967, shekarar da fassarar Mervyn Hiskett zuwa Turanci ta fito, da 1976, shekarar da Adamu Halilu ya mayar da labarin fim, ga kuma shekarun da aka yi ta sake buga littafin. Wanda ya ɗauki shekarar farko da idonsa ya faɗa kai zai iya cewa marubucin ya wallafa littafinsa bayan rasuwarsa, tunda a Janairun 1966 aka kashe shi.

Wikipedia da manhajojin ƙirƙirarriyar basira na da amfani wajen nuna hanya, amma ba a kafa hujja da su. Manhajojin nan sukan ƙago sunan littafi ko maƙalar da babu ita. Duk bayanin da aka samu a can, a bi shi har tushensa, a rubuta sunan marubuci, shekara da lambar shafi tun kafin a rufe wayar.

Sannan har yanzu kaso mai yawa na adabin Hausa bai hau intanet ba. Kundayen jami'o'i da dama, da littattafan adabin kasuwar Kano, da waƙoƙin da ke bakin dattawa, sai an taka da ƙafa ake samunsu. Waya tana rage nisan tafiyar, amma zuwa da kai ya fi saƙo.